Shekarar da Babanku Ya Sa Wa Jar Mota Bulowa

Kirsimetin bara ina madafi ina jin Dauda a tsakar gida yana ba jikokina labarin jar motar kakansu. Wai mota ce da ba a taɓa wuce ta a hanya ba, wai kuma da ba don Mama ta tsorata ta ce a tsaya ba, da babanmu ne ya ci gasar zuwa Jos. Na ajiye ludayi na saurara har ƙarshe. Dauda, kana aji biyu a lokacin, ba ka je Jos ba, kuma babu wata gasa. Ni ce na zauna a ɗaya kujerar. Babanku ya riga mu gidan gaskiya, ba zai iya musu da ni ba, saboda haka zan yi ƙoƙarin yi masa adalci, amma ku huɗun nan sai kun ji yadda abin ya faru.

A Funtua muke zaune a lokacin, a gidajen ma'aikata. Babanku, Malam Bitrus, malamin gona ne, ni kuma ina koyarwa a firamare. Iya, mahaifiyarsa, tana tare da mu. Gonar gado tana can wajen Tsiga, ƙaninsa Baba Markus yana kula da ita, da shanun huɗa biyu da mahaifina ya aiko mana daga Malumfashi lokacin da aka haifi Saratu. A shekarar aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka haɗa musu da ariya, wato cikon kuɗin watannin baya, gari ya rikice, kowa da abin da ya saya, wani rediyo, wani babur, wani kwanon rufi. Mun zauna da babanku mun gama magana cewa akori-kura za mu nema, ko tsohuwa ce, wadda za ta kwaso masara da auduga daga Tsiga ta kuma kai mu coci. Ya ce to. Ya fita ranar Asabar da safe, ya dawo da la'asar a cikin wata aba ja, gajera, kamar a ƙasa take rarrafe, ba rufi, kujera biyu rak. Wani Bature da ke aiki a wurin gurzar auduga zai koma ƙasarsu, shi ya sayar masa.

Iya ta fito ta zagaya motar sau biyu, hannunta a baya.

"Ina sauran?" in ji ta.

"Sauran me, Iya?"

"Sauran motar. Ko sai gobe za a kawo bayan?"

Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Malam, mu bakwai ne a gidan nan."

Ya ce, "Malama, ai sai a riƙa yin sawu-sawu."

Ya kuwa gwada. Lahadin farko ya kai Iya, ya dawo ya kai Dauda da Saratu a cushe a kujera ɗaya, ya dawo ya ɗauki Ishaku. Kafin ya zo kaina ni da Ladi a goye, fasto ya kai rabin wa'azi. Daga ranar na koma tafiya da ƙafa tare da ku, shi kuma ya wuce mu yana ɗaga mana hannu kamar ɗan takara. Ga wani abin kuma: motar tun ta zamanin da ake bin hannun hagu ce, sitiyarinta a dama yake. Bayan an canza hannu, direbanta ba ya ganin abin da ke tahowa in yana bayan babbar mota. Sai wanda ke gefensa ya leƙa ya ce masa hanya ta buɗe. Ku riƙe wannan, don shi ya kai ni Jos.

Duk da haka da abin ya tsaya nan, da na haƙura. Motar lafiyarta ƙalau, shi kuma yana jin daɗinta, kuma babanku ba mashayi ba ne, ba mai yawon banza ba. Masifar ta fara ne da ya haɗu da wasu mutane a Zariya masu irin waɗannan motoci, malaman jami'a biyu, wani injiniya, da wani likita da kowa ke kira Dakta kawai. Al'adarsu kowane hutun Ista su jera motocinsu su tafi Jos shan iska. Suka gayyace shi, ya tafi shi kaɗai. Ya dawo bayan kwana uku fuska a murtuke, ya ci tuwo ya kwanta. Sai washegari na samo kan labarin. A hawan tudun da ke kafin Jos motarsa ta gaza, duk suka wuce shi. Da ya iso ya tarar da su sun baje a gindin bishiya, Dakta ya duba agogo ya ce, "Malamin gona, mun ɗauka ka tsaya duba shuka ne." Aka yi dariya. Wannan magana ɗaya ita ta cinye mana shekara guda.

Ya dawo da wata mujallar Turawa da injiniyan ya ba shi, ta tsufa har ta fara yagewa. A ciki akwai hoton wani ƙarfe mai kama da tulu a kwance. Ya shimfiɗa mini ita a kan littattafan yara da nake dubawa.

"Kin ga wannan? Bulowa ke nan. Inji da iska yake aiki, kamar wutar maƙera. Wannan zugazugi ce ta ƙarfe. Bel yana juya ta, tana ɗura wa inji iska da fetur fiye da yadda zai shaƙa da kansa. In na sa ta, ƙarfin motar nan zai kusa ninkawa."

Na ce, "In ya ninka, kujerun ma za su zama huɗu?"

Ya naɗe mujallarsa ya fita.

Akwai makanikensa, Malam Sule, mai gareji a hanyar Dandume, dattijo mai tsoron Allah, wanda ya yi shekaru yana gyara wa Turawan auduga motoci. Shi ma bai goyi baya ba. Na ji su da kunnena a ƙofar gida yana cewa, "Malam Bitrus, injin nan ya girmi Dauda. Lagiretonsa ƙarami ne. Waɗanda suka ƙera bulowar nan a ƙasar sanyi suke. Ka duba mujallar da kyau, akwai inda suka rubuta zafin Funtua?" Babanku ya ce ai shi ya karanta, an yi lissafi. Malam Sule ya ce, "To, Allah ya sa lissafin ya san watan bazara."

Ban san ya riga ya yi sautu ba, ta hannun wani da zai je kwas Ingila. Ban kuma tambayi kaina da me zai biya ba, wannan sakacina ne. Sai da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙu, sai ga Baba Markus a kan keke daga Tsiga, ya gaishe da Iya, ya juyo wajena.

"Matar yaya, na zo in ji da me za mu yi huɗa bana."

Na ce, "Da shanu mana. Ko ba su da lafiya?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. Tun wata biyu da suka wuce babanku ya sa an kora su kasuwa. Shanun da ubana ya rena da hannunsa. Da ya dawo daga aiki na tare shi tun bai cire takalmi ba. Ya ce aro ya yi wa kansa, in kaka ta yi zai sayo waɗanda suka fi su. Na ce kakar me, da me za a noma ta? Iya tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba ta ce, "A ɗaura wa jar motar garma mana. Ba an ce ƙarfinta zai ninka ba?"

A shekarar, mutumin da yake zagaya ƙauyukan Dandume da Bakori yana yi wa manoma faɗa kan su shuka auduga a kan kari, shi ne gonarsa ta fi ta kowa latti. Sai da kowa ya gama huɗa muka samu shanun haya. Audugar ba ta yi abin kirki ba, masarar ma da ƙyar ta kai mu bazara. Manoman Tsiga ba su ce masa komai ba, amma na ji matansu a kasuwa suna cewa gonar malamin gona ma tana bukatar malamin gona.

Bulowa ta iso a cikin akwatin katako, an naɗe ta da takarda mai maiƙo kamar jariri. Na ɗauka ɗaurawa za a yi a gama. Ashe ɗaurawar ce mai sauƙi. Saitin shi ne aikin. Duk Asabar ɗin duniya yana garejin Malam Sule. Yau a ce kafireta ba ta ba da isasshen fetur, a buɗa ramin. Gobe fetur ya yi yawa, hayaƙi baƙi kamar an ƙona taya. Jibi bel yana zamewa, a je Kaduna neman wani. A ja taimin baya, a canza fulogi, a ɗaura wata 'yar kwalba da ke ɗiga wa bulowar mai. Teburin cin abincina ya zama na kusoshi. Na taɓa samun fulogi huɗu a jiƙe cikin kwanon da nake kwaɓa fanke. In sun yi saiti sai su fita gwaji a hanyar Dandume, kuma tun daga gida nake sanin sun fita, don abar tana wani irin fito mai tsini da ke shiga haƙori. Jakuna suna watsar da kaya, kaji suna tsallake danga. Wata rana mai unguwa da kansa ya aiko a roƙi Malam ya rage yi lokacin sallar Azahar, liman ba ya jin kansa. Ishaku ya yi zazzaɓi sati guda a lokacin nan, ni da Iya muka kai shi asibiti a motar haya, jar mota tana can an buɗe mata ciki.

Da Ista ta gabato, ya ce Malam Sule zai raka shi Jos. Malam Sule ya ce shi yana da iyali. Ya nemi Baba Markus, shi ma ya ce yana da sharar gona. Daga nan na gane shi kaɗai zai tafi, a motar da direbanta ba ya ganin gaba, da zuciyar da ta yi shekara tana tafasa a kan maganar Dakta. Na yi fushi da shi iyakar fushi, amma ban shirya zama gwauruwa da 'ya'ya huɗu ba. Na ce ni zan je. Ya yi murna, ya ɗauka na sauko ne. Ana jibi tafiya na bi ta gareji daga makaranta. Malam Sule ya kai ni gaban motar ya nuna mini wani ɗan agogo.

"Malama, ba ruwanki da sauran. Wannan allurar ita ce zafi. In ta taɓa ja, a tsaya. In kuma kika ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, shi ma a tsaya. Shi ba zai ji ba, don ba ya so ya ji. Na gaya masa, ya ce to. Kin san to ɗinsa."

Na ce, "Na san shi, Malam Sule. Da shi aka saya mini akori-kura."

Mun tashi da sassafe muka same su a Zariya, mota biyar da tamu. Dakta ya leƙa injinmu ya yi fito ya ce, "Lallai manomi ya sa taki." Babanku ya yi murmushin da ban so ba. Muka ɗauki hanyar Pambeguwa. A nan dole in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da ya taka ta, bulowar ta ɗauki kuka, sai na ji kujera ta tura ni daga baya kamar hannun mutum. Muka iso bayan wata tirela, ya ce, "Duba mini." Na leƙa na ce, "Babu kowa!" Kafin in rufe baki tirelar tana bayanmu. Muka wuce injiniya, muka wuce malaman nan biyu. Ɗankwalina ya tashi ya tafi abinsa, ban ko waiwaya ba. Da muka zo daidai Dakta, ni, Rifkatu, malamar aji huɗu, mai jagorar zumuntar mata, ni na daki ƙofa na ce, "Wuce shi, Malam!" Ina dariya har da hawaye. Na kalli babanku na ga fuskar saurayin da ya zo zance gidanmu a Malumfashi a kan aron keke. Na kusa yafe masa shanun.

Bayan Saminaka rana ta take, kwalta tana walƙiya. Na tuna da allura. Ta wuce tsakiya. Muka fara hawa, ta ƙara matsawa. Sai na ji tsakuwar nan a gwangwani, a hankali da farko, sannan sosai.

"Malam, allura ta kusa ja."

"Iska za ta sauko da ita."

"Malam, ta taɓa ja. Inji yana ƙara."

"Tudun nan kawai, Malama. Nan ne fa. Nan suka wuce ni bara."

Na waiwaya na hango motar Dakta can ƙasa, ƙarama. Na san in na ce mota za ta lalace ba zai tsaya ba. Sai na dafe ƙirji na ce amai nake ji, in bai tsaya ba zan yi masa a kan kujera. Ya taka birki ya gangara gefe. Yana tsayawa na miƙa hannu na kashe motar na zare mabuɗi, na fita na je na zauna a kan wani dutse, na sa mabuɗin cikin rigata.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya yi magiya, ya yi tsawa, ya kira ni da sunana gatsal, abin da ba ya yi. Ruwa yana tafasa a lagireto muna ji kamar tukunyar ɗanwake, amma shi hanya yake kallo. Dakta ya zo ya wuce yana hon. Injiniya ya wuce. Sauran biyun suka rage gudu suka tambaya ko lafiya, ya ɗaga musu hannu su tafi. Ya zauna a ƙasa ya jingina da taya, ya rufe fuska da hula. Mun fi awa a wurin. Wata mata mai tallar kunu ta ɗebo mana ruwa a rafi, da injin ya huce ya zuba, muka lallaɓa muka shiga Jos kamar masu rakiyar amarya.

A masauki suna zaune suna jiranmu. Na ga bakin Dakta ya fara motsi, na ga wuyan babanku ya sunkuya tun ba a ce komai ba. Sai na riga shi.

"Ku yi haƙuri, ni na ɓata muku tafiya. Gudun ya fi ƙarfina, na ce in bai tsaya ba zan diro. Mota kam kun gani da idonku."

Dakta ya ce gaskiya ne, ya gani, shi bai taɓa cin ƙura irin ta yau ba. Aka yi ta zolayata, matar injiniya ta ba ni aron ɗankwali. Babanku ya ɗago kai, kafin a gama cin abinci har yana yi musu bayanin girman fulin da ke juya bulowar. To, kun ji inda labarin tsoron Mama ya fito. Daga bakina ya fito, kuma ban taɓa zaton zai ɗauke shi ya riƙe har ya yarda da shi ba. A hanyar dawowa bai yi mini magana ba sai "duba mini". A gida ma wajen wata guda gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Malam Sule ya buɗe injin a gabanmu mu biyu. Gasket ya fara ƙonewa, kan fistin ɗaya ya yi ramuka kamar tsatsa ta ci shi. Ya ɗora shi a tafin hannun babanku ya ce, "Da kun gama hawan nan a haka, da a bayan tirela motar za ta dawo. In inji ya cije a wannan gudun kuma, ban san ku a me za ku dawo ba." Babanku ya juya fistin ɗin, ya juya, ya ce man da muka sha a Zariya ne ba shi da kyau. Na kalli Malam Sule, shi kuma ya kalli sama. Aka cire bulowa aka mai da injin yadda Bature ya bar shi. Bai sake zuwa Jos da su ba. Shanu kuwa sai bayan kaka biyu ya mayar, kuma ba su kai na mahaifina ba, ko da yake har ya rasu yana cewa sun fi su.

Motar ta dawo gida ya ajiye ta a gindin darbejiya bai ƙara taɓa ta ba. Ya koma hawa babur ɗin ofis. In na yi magana ya ce ai yanzu ba mota ba ce, amalanke ce. Kazar Iya ta fara ƙwai a kujerar direba. Wata Asabar na gaji, na kori kazar, na wanke kujerun, na je na tsaya a kansa yana karanta jarida.

"Malam, shanuna suna cikin motar nan. Ko a sayar da ita, ko ka koya mini in riƙa zuwa makaranta."

Ya sauke jarida ya dube ni ta saman tabarau. "Ke? Mai tsoron gudu?"

Na haɗiye abin da ya zo bakina. Na ce, "Ni."

Ya ce to, tunda dama mabuɗin a hannuna ya fi zama. Ya kai ni hanyar Dandume da hantsi, muka canza wuri. Ta mutu a hannuna ban san sau nawa ba, yana ta tsaki yana cewa in saki kuloci a sannu, ba dakan gero nake yi ba. Can sai ta ɗauka. Na sa giya ta biyu, na sa ta uku. Hanya ta miƙe tsakanin gonakin dawa, babu kowa sai mai keke can nesa. Na sa ta huɗu na ɗan ƙara takawa, na ji iska ta fara jan ɗankwali. Na saci kallonsa. Ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan ya dafe hularsa, ƙafarsa tana neman birki a inda babu birki.

"Malama," in ji shi, "rage. Don Allah rage. Muna da yara a gida."

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zuwa makaranta a motar nan.